Takalman da Baba Ya Rufe da Kwali

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maman yara da yaran duka. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya sauwaƙe maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, don maman yara ta riga ta tona maka asiri. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiya. Mama ta fara cin abinci kamar mutane, har ta koma yi wa Auta faɗan wanke-wanke, ka ga kuwa sauƙi ya samu. Auta ta gama jarrabawa, ba ta da aiki sai barci. Kawu ya kawo kafinta an gyara rufin ɗakin Baba da ke yoyo, kuma alhamdu lillahi ruwa bai taɓa adaka ko ɗaya ba. Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba, amma har yanzu in na ji an ja kujera a ɗakin nan sai gabana ya faɗi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na san za ka ce mene ne na takarda alhali ga waya a hannu. Halinka na sani, Yaya. In na ɗauko magana a waya, ban kai tsakiya ba za ka ce ka gane, ka yanke hukunci, ka ce in gai da Mama. To wannan karon ba ka gane ba tukuna, don haka ka nemi wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe. Maganar kusurwar da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ware wa Baba a zaurenta ce. Sun gama fenti, an kafa kabad mai gilashi, ranar buɗewa kuma tana nan yadda aka sa, ƙarshen watan gobe. Za a jera bajojinsa da maɓallansa da hulunan nan goma sha bakwai da ya hana mu taɓawa, a rataye kakinsa na fareti a tsakiya. Duk wannan ba gardama. Inda za mu yi ta da kai shi ne shawarar da ka aiko, cewa a rataye hoton Kaka kusa da na Baba, a sassaƙa a farantin tagulla cewa Saje, wato Kaka, shi ne mahaifin Samanja, wato Baba, soja ɗan soja. Na je wurin mai sassaƙa na ce ya dakata da wannan farantin. Ban yi shawara da kai ba, kuma ban yi nadama ba.

Kai ka bar gida da wuri, ni ce na zauna gindin teburin Baba ina goge masa maɓallai har ya laƙaba mini Kurtu, saboda haka bari in tuna maka yadda yake aikinsa. Tun da ya bar siton kayan bataliya ya yi ritaya, ba a mako guda wani bai yi sallama da tsohon hoto a ambulan ba. Wani mahaifinsa ne da bai taɓa gani ba, wata mijinta ne da ya tafi bai dawo ba, suna so su san a wace runduna ya yi aiki, da wane muƙami, a wane zamani. Baba zai zauna bakin taga, ya sauke tabarau kan karan hanci, ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma, sai ya ɗora babban yatsansa a kan fuskar mai hoton ya rufe ta ruf. Ya ce fuska takan sa mutum tausayi, in kuwa tausayi ya shiga, ido sai ya fara ganin abin da babu. Daga takalmi yake farawa, sannan wando, sannan kan bel, sannan maɓallai da igiyoyin hannu, hula ce ƙarshe. In ya gama sai ya ɗauko kati ya sa masa lamba, ya rubuta abin da ya gani, ya jefa a akwatin katakon nan mai ƙamshin man goge takalmi. Katuna sun haura ɗari takwas a ciki, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce Baba ya yi kuskure ba.

Ka kuma tuna attajirin nan mai motocin haya da ya kawo rigar mahaifinsa da lambobin yabo biyar reras a ƙirji, yana so Baba ya sa hannu a takarda don a rataye ta a wannan zauren dai. Baba ya juya rigar sau biyu, ya ce masa uku na gaskiya ne, biyun kuwa ba a ma ƙirƙiro su ba sai bayan tsohon ya yi shekara shida a kabari. Mutumin ya yi lallashi, ya yi fushi, ya turo manya, Baba ya ce ukun ma ba ƙaramin abu ba ne, ya riƙe su da kyau. Har Baba ya rasu mutumin bai ƙara gaishe shi ba. To ka sani, ƙanin wannan mutumin yana cikin kwamitin zauren yanzu, kuma idonsa biyu.

Ranar Asabar da safe na sauko da hoton Kaka daga bangon falo don in kai a ƙara masa girma kamar yadda ka ce. Na kwantar da shi a teburin Baba, na zare ƙananan ƙusoshin baya da wuƙa. Ka san kwalin nan mai ruwan ƙasa da ya zagaye hoton, wanda ya fi faɗi ta ƙasa? Duk rayuwarmu mun ɗauka ado ne. Da na ɗaga shi sai na ga layin fensir da rula a bayansa, irin aikin Baba sak, ga kuma sauran hoton a ƙarƙashi, kusan faɗin yatsu uku da ba mu taɓa gani ba. Yaya, Kaka takalmin taya ne a ƙafarsa. Ga yatsunsa nan a waje, manya-manya, irin naka. Mutumin da ya koya mini cewa daga takalmi ake farawa, shi ne ya yanki kwali ya rufe takalman ubansa.

Sai na yi abin da aka koya mini. Na ɗora yatsa a fuskar Kaka, na ɗauki gilashin, na hau daga ƙasa. Kan bel ɗin na 'yan sigina ne. Rigar mai igiya uku ta sojan ƙasa ce, ga bajon wuyanta nan a fili, kuma ta yi masa kaɗan, hannunta bai kai wuyan hannunsa ba. Hular kuwa ta direbobin soja ce. Runduna uku a jikin mutum ɗaya, ko kurtun jiya ba zai fita fareti haka ba. Na ji kunya ƙwarai, ni da nake taƙama da idona, shekara talatin da ɗoriya ina wucewa ta gaban hoton nan ban gani ba, don kullum fuskar nake kallo. Sai na jawo akwatin katuna. Ban san me ya sa ba, ban taɓa duba kati mai lamba ɗaya ba, kullum daga tsakiya nake nema. Yana can ƙarshe, ya yi ja don tsufa, rubutun Baba ne a kai.

Ga abin da ya rubuta, na kwafe maka shi ba ragi ba ƙari. Ya ce mai hoton mahaifinsa ne, mai wanki da guga na bariki, shekara goma sha tara. Ya ce ranar da mai ɗaukar hoto ya zo bariki, sojojin da yake wa wanki suka taru suka ce sai an ɗauke shi shi ma, kowa ya ciro nasa ya sa masa. Wani saje ya ba da riga, wani direba ya ba da hula, ɗan sigina ya ba da bel, wandon ma na wani kofur ne. Takalmi ne aka zagaye bariki kaf ba a sami wanda ya shiga ƙafarsa ba. Daga ranar suka riƙa ce masa Saje, sunan ya bi shi har gida. Baba ya ce yana wurin, shekararsa goma. A layin ƙarshe ya rubuta cewa a duk abin da ke cikin hoton, karin wandon ne kaɗai aikin mai shi, kuma a shekara ashirin da shida da ya yi yana duba sojoji a fareti bai ga kari mai kyansa ba. Na karanta na sake karantawa, na kifa kai a teburin na yi kuka mai isata.

Da yamma na ɗauki hoton na tafi gidan Baba Mai Begila, abokin Baba ɗin nan mai kunne ɗaya da ke zuwa shan shayi duk Laraba. Na nuna masa ina ta kame-kame, shi kuwa sai ya tuntsire da dariya har da tari. Ya ce ai babu tsohon sojan da ya taɓa zama a falonmu bai gane ba tun kallon farko, hular kaɗai ta isa. Na ce to don me ba wanda ya taɓa magana? Ya ce bangon falon mutum nasa ne, abin da ya rataye a can tsakaninsa da iyalinsa ne, kuma sun san Samanja ya fi su sani. Amma ya ce bangon zaure daban ne. A can duk abin da aka rubuta shaida ce, kuma ranar buɗewa tsofaffi sama da hamsin za su tsaya gaban hoton nan da tabaransu. Ya ce ba za su ce komai ba don kunyar Mama, amma za su fita suna cewa ashe mutumin da ya cire lambobin uban wani, nasa uban igiyar aro ya ɗaura masa. Wannan ita ce maganar, Yaya. Sunan da Baba ya yi shekara arba'in yana tsarewa, mu 'ya'yansa za mu zubar da shi da faranti ɗaya, a ranar da aka taru don girmama shi.

Na yi kwana biyu ina jin haushin Baba, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na bi maganganunsa ɗaya bayan ɗaya, ban sami inda ya taɓa cewa Kaka soja ne ba. In an tambaye shi, cewa yake a bariki ya yi aiki. Mu ne muke cika sauran. Ka tuna duk sanda ka fara ba baƙi labarin kakanmu Saje, sai Baba ya gyara tabarau ya aike ka ɗebo ruwa? Ba ƙishirwa yake ji ba. Mama ce ta warware mini dalilin kwalin. Ta ce saboda Gwaggo ne, ƙanwar Baba. Kaka ya rasu Gwaggo tana da shekara huɗu, ba ta da komai nasa sai hoton nan da sunan Saje. Tun tana ƙarama, in yara suka yi mata gorin maraici, da shi take ramawa. Baba ya ga in ya buɗe ƙafafun nan kamar ya sake kashe mata uba ne, sai ya rufe, ya rubuta gaskiyar a kati ya ajiye inda mai nema zai samu.

Saboda haka na tafi wurin Gwaggo da kaina, don ban yarda ta ji a bakin wani ba. Na same ta tana tsintar shinkafa a faranti. Na ajiye mata hoton ba kwali, na karanta mata katin a hankali. Wallahi Yaya, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta kalli ƙafafun nan ta daɗe, sannan ta ture hoton gefe ta ce ashe har na yi girman da zan zo in tuɓe wa ubanta riga. Ta ce ilimin da yayanta ya zuba mini bai yi mini rana ba, in tashi in ba ta wuri. Na tashi, na bar mata hoton da katin a kan tabarma, na fito. Kwana uku ba ta ɗauki wayata ba, ta kuma aiko wa Mama cewa a ja mini kunne.

A rana ta huɗu da hantsi sai ga ta a ƙofar gida, tana nishi, da hoton da katin da wani abu mai nauyi ƙunshe a tsohon zane. Ta dire shi a teburin Baba ta kwance. Dutsen guga ne na gawayi, baƙi ƙirin, mariƙinsa na katako ya lotsa daidai inda yatsu suke kamawa. Ta ce Iya, mahaifiyarsu, ta bar mata shi, ta ce kada ta sayar, kada ta ba da aro, ba ta kuma gaya mata dalili ba. Shekara sittin yana ƙarƙashin gadonta, ita a zatonta tarkacen tsofaffi ne. Ta ce abu ɗaya take tunawa game da mahaifinta, wato in ya ɗauke ta yana ƙamshin sitaci da hayaƙin gawayi, kuma duk tsawon rayuwarta ta ɗauka haka sojoji suke ƙamshi. Har takan yi mamakin yadda Baba ya shekara da shekaru a soja bai taɓa yin wannan ƙamshin ba. Ta faɗi haka tana dariya hawaye yana zuba. Sannan ta ce dā uban aro take riƙe da shi, yanzu ta sami nata, kuma in na sake rufe masa ƙafa sai ta saɓa mini.

Na san abin zai yi maka ciwo, Yaya, kuma ba raina ciwon nake yi ba. Na san ka rataye kwafin hoton a ofishinka, na san ɗanka Babban Mutum ya tsaya gaban ajinsu ya ba da labarin kakan babansa Saje har aka tafa masa. Sai ka zaunar da shi ka gaya masa, kuma ina tabbatar maka ba za ka ji kunya ba. Ka ce masa mutumin ya yi shekara goma sha tara yana wanke kakin bataliya guda bai taɓa haɗa rigar wani da ta wani ba, don ya san kowane bajo da kowane maɓalli da mai shi. Ka ce masa sojoji huɗu sun tuɓe kayan jikinsu sun sa masa don ƙauna, abin da ba a yi wa kowane saje. Kuma ka tambayi kanka inda Baba ya samo idon nan da ake zuwa nema daga nesa. Ba a sito ya koya ba, a gindin teburin guga ya koya. In aka rubuta soja ɗan soja, an goge malamin Baba na farko ke nan.

Ga abin da muka tsayar ni da Mama da Gwaggo. Za a rataye hoton Kaka kusa da na Baba kamar yadda kake so, amma cikakke, har yatsun ƙafa. A ƙarƙashinsa za a ajiye dutsen gugar da kati mai lamba ɗaya, a buɗe, kowa ya karanta da rubutun Baba. Farantin kuwa zai ce mai wanki da guga na bariki, mahaifin Samanja kuma malaminsa. Na kai wa shugaban ƙungiya maganar, ya ce tun da aka gina zauren ba a taɓa rataye hoton farar hula ba, sai kwamiti ya zauna. Suka zauna ranar Litinin. Baba Mai Begila ya ce ƙanin attajirin nan ne ya fara karɓar katin, ya karanta, sannan ya ce a rataye. Kai ne babba, don haka na ce wa mai sassaƙa ya jira amsarka kwana goma. Ina so kalmar ta fito daga bakinka, don ranar buɗewa kai za ka tsaya ka yi jawabi, ba ni ba. Amma gara ka sani tun yanzu, wancan farantin na farko ba zai hau bango ba ina da rai.

Jiya Gwaggo ta ce ba mai goge kakin faretin Baba da dutsen lantarki. Ta sa aka hura gawayi, ta kankare tsatsar dutsen Kaka da toka, ta shimfiɗa bargo a teburin bakin taga. Ta ƙone tsohon zanen Mama guda kafin hannunta ya faɗa, ta kuma hana kowa taimaka mata. Da ta gama wandon, ta aika aka kira Baba Mai Begila ya zo ya duba. Tsohon nan ya sa tabarau, ya bi karin da yatsa daga ƙugu har ƙasa, ya ce bai kai na cikin hoton ba amma an san gidan da ya fito. Sannan ya ajiye sandarsa, ya juya wajen hoton Kaka da ke jingine a bango, ya haɗa ƙafa ya sara masa. Ya ce shekara talatin yana shan shayi a ƙarƙashin mutumin nan bai taɓa sara masa ba, don ba a sara wa igiyar aro, amma yau ya san wanda yake gaisarwa.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka rage zaman kujera saboda bayan nan. Gwaggo ta ce in gaya maka ka daina jin haushin masu sayar da takalmi, gado ka yi. Kawu da Auta da Baba Mai Begila duk suna miƙa gaisuwa. Ka gai da maman yara da kyau, ka shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Baba da ƙaramin da ban gani ba tukuna. Na sa maka sabon kwafin hoton a cikin ambulan ɗin nan. In ka buɗe, ka ɗora yatsa a kan fuskar, ka fara daga ƙasa. Allah ya sada mu da alheri, ya jiƙan Baba da Kaka da Iya.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Kurtun Baba